Ɗan Dakon Murya

Akwai wata sana'a da ta shigo ƙasarmu tare da lasifika, wadda har yau jama'a ba su tsai da mata suna guda ba. Waɗansu su kan ce mai sauti, waɗansu mai lasifika, 'yan boko su ce injiniyan sauti, samarin zamani kuwa su haɗa shi da mai sa waƙoƙi su kira su duka dije. Ni dai mai sauti zan riƙa ce masa a cikin wannan magana. Shi ne mutumin nan da ka kan hango can gefen zauren biki, ko a gindin bango a filin gala, zaune bayan wani akwati mai maɓallai da yawa, wayoyi sun kewaye shi kamar saƙar gizo. In murya ta fita tangaran ba wanda ya ke tuna yana wurin. In ta shaƙe, ko lasifika ta yi kuwwa, sai idon taro duka ya koma kansa. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne irin wulakancin da mawaƙa da yawa ke yi wa wannan bawan Allah, tun ba a ƙananan wuraren wasa ba, inda babu takardar sharaɗi, babu shugaba, babu mai tsawatawa.

Bari in fara da abin da na gani da idona, don kada a ce ji na yi. An gayyace ni dinar auren 'yar wani abokina a Kano, cikin wani zaure da bai fi ya ɗauki mutum ɗari biyu ba. Da ya ke ina cikin masu hidima, tun da azahar na isa, na kuwa tarar da yaron sauti yana sauke kaya daga a-daidaita-sahu biyu, shi da wani ƙanensa. Suka kinkimi lasifiku huɗu, ko wace ɗaya sai mutum biyu sun kama, suka ja waya, suka ta da janareta a bayan zaure, suka gwada kome. Ƙarfe biyar aka yi da mawaƙi zai zo a gwada muryarsa. Bai iso ba sai wajen ƙarfe goma saura, zaure ya cika maƙil, shi da 'yan rakiya sun fi goma. Ko sallama bai yi wa yaron ba. Ya fizgi makirufo, ya dunƙule kansa cikin tafin hannu, ya taka har gaban lasifika. Nan take ta yi wata irin kuwwa mai tsinka kunne, mata suka toshe kunnuwa, wani jariri ya fasa kuka. Sai mawaƙin nan ya juya ga jama'a, da makirufon a bakinsa, ya ce, "Jama'a, ku yi haƙuri, wannan yaron da aka ɗauko bai san aikinsa ba. Kai yaro, a wace kasuwa aka tsinto ka?" Aka bushe da dariya. Yaron ya zo a guje, ya rusuna, ya ce a hankali, "Ranka ya daɗe, don Allah ka ɗan ja baya daga bakin lasifikar, ka kuma saki kan makirufon." Ya dube shi sheƙeƙe ya ce, "Ni za ka koya wa riƙon makirufo?"

To, ya kai mai karatu, tsaya in gaya maka wanda ya yi laifi a daren nan, gama abin yana da dalili wanda ko yaron firamare zai gane in an bayyana masa. Makirufo kunne ne, lasifika kuwa baki ce. Abin da kunnen ya ji shi injin ƙara sauti ke kumburawa ya miƙa wa bakin. In ka kusantar da kunnen ga bakin, sai ya ji abin da ya fito, ya sake mai da shi cikin inji, a sake kumbura shi, ya sake fitowa, haka haka cikin ƙiftawar ido har ya zama kuwwar nan da kowa ya sani. Masu ƙera makirufon waƙa sun san da wannan, saboda haka suka yi masa dabara. A bayan kansa, ƙarƙashin ragar ƙarfen nan, akwai 'yan ƙofofi waɗanda ke sa ya ji abin da ke gabansa ya yi kunnen uwar shegu da abin da ke bayansa. Mawaƙin da ya dunƙule kan makirufo cikin hannu ya toshe waɗannan ƙofofi ke nan, ya mai da shi mai ji ta ko wace fuska, muryarsa kuma ta koma kamar ta mai magana cikin tulu. Watau da hannunsa ya kira kuwwar, da ƙafarsa ya kai ta bakin lasifika, sa'an nan da bakinsa ya ɗora wa wani laifin. Wannan riƙo kuwa ba wani amfani gare shi, an gan shi ne a bidiyon mawaƙan Amurka aka ɗauka shi ne gwaninta.

Zancen makara kuma ya fi yadda mutane su ka ɗauke shi nauyi. Mawaƙa da yawa suna ganin zuwa gwajin sauti ƙasƙanci ne, wai babban tauraro ba ya zuwa sai an gaji da jira. Ba su san ko wane zaure da halinsa ba. Sauti yana tafiyar wajen mita 340 a cikin sakan guda, in ya daki bango mai tauri sai ya dawo. Bangon da ke nesa da kai mita 17 zai maido maka da muryarka bayan kashi ɗaya cikin goma na sakan, kunne kuwa ya kan ji wannan sarai kamar wani ne ke kwaikwayonka. Zaurukan bikinmu galibi daɓensu tayil ne, tagoginsu gilashi, bangonsu siminti, ba labule ba darduma, duk abubuwan da ke maido da sauti. Ga shi kuma zaure in babu kowa dabam ya ke amsawa da in ya cika, domin jikin mutane da tufafinsu suna shanye sauti. Muryar mutane ma ba ɗaya ba ce: wani tasa siririya ce mai kaifi, wani kakkaura mai gurnani, ko wace da inda a ke rage mata da inda a ke ƙara mata. Minti goma sha biyar kaɗai mai sauti ke roƙo don ya san muryar da zai ɗauka. Wanda ya hana shi wannan, sa'an nan ya ce a fitar masa da murya kamar ta sutudiyo, daidai ya ke da wanda ya ƙi tsayawa tela ya auna shi, ranar Salla kuma ya zo yana zagin riga ta yi masa kaɗan.

Sai kuma kalmar nan da ba ta fita daga bakinsu: "Ƙara! Ƙara sauti!" Mawaƙi na tsaye yana ɗaga yatsa sama, 'yan korensa na tsaye a kan mai sauti suna yi masa ihu, wani ma ya miƙa hannu ya murɗa maɓalli da kansa. A nan ma jahilci ne ke aiki. In ka ninka ƙarfin inji sau biyu, abin da sauti ke ƙaruwa da shi desibel 3 ne kawai, wanda kunne da ƙyar ya ke lura da shi. In kana so kunne ya ji kamar an ninka ƙara sau biyu, sai ka ba da ƙarfi wajen ninki goma. Injin da aka tura ya wuce iyakarsa kuwa ba ƙara ya ke bayarwa ba, sauti ya ke yayyagawa, zaren tagullar da ke naɗe cikin lasifika ya yi zafi har ya ƙone. In ya ƙone mawaƙi ya shiga motarsa ya tafi. Mai sauti ne zai kinkimi lasifika gobe zuwa wurin mai naɗi, ya biya daga aljihunsa.

Da ma a ce lasifika kaɗai ke ƙonewa, da da sauƙi. Kunnen mutane ma yana ƙonewa, shi kuwa ba mai naɗinsa. Masana lafiyar ma'aikata sun ƙiyasta cewa ƙarar da ta kai desibel 85 mutum na iya zama cikinta sa'a takwas a yini, amma duk ƙarin desibel 3 sai a raba lokacin biyu, har in ta kai 100 abin da ya rage minti goma sha biyar ne. A shekarar 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da ƙa'ida ga wuraren kiɗa da waƙa, ta ce matsakaicin ƙara kada ya wuce desibel 100, ta kuma yi gargaɗin cewa matasa fiye da biliyan guda a duniya suna cikin haɗarin rasa ji sabili da sauraron ƙara mai yawa. A can cikin kunne akwai waɗansu ƙananan ƙwayoyi masu kama da gashi, su ne ke karɓar sauti, in sun mutu ba su sake tsirowa. Ɗan ƙugin nan da ka kan ji cikin kunne in ka koma gida daga biki, shi ne kukansu. Saboda haka mai sautin da ya ƙi ƙarawa, kunnen amarya ya ke karewa, da na jaririn da ke goye, da na shi mawaƙin kansa wanda da kunnen ya ke cin abinci. Ladan da ya ke samu a kan wannan alheri shi ne a ce masa ɗan baƙin ciki, wai an biya shi ne ya kashe wasa.

Ban ko so in daɗe kan yadda su ke wulaƙanta kaya ba, don abin takaici ne. Wannan ya buga kan makirufo da tafin hannu don ya ji ko yana aiki, wancan ya hura masa iska da yawu, wani ya riƙe waya yana lilo da shi, wani ya aza kofin lemo a kan akwatin haɗa sauti. Yanzu kuma an samo wata sabuwar al'ada daga ƙetare ta sakin makirufo ya faɗi ƙasa in an gama, wai alamar an ƙure magana. Shugaban Amurka Barack Obama ya yi ta cikin raha a wata liyafar 'yan jarida a 2016, duniya ta gani ta yi dariya. Amma shi a bayansa akwai masu sayen wani. Kai kuwa da ka ke kwaikwayonsa a zauren unguwa, makirufon da ka yar na wani talaka ne wanda wataƙila adashi ya ɗauka ya saya. Haka nan mawaƙin da sana'arsa mamin ce, watau a sa masa waƙarsa da aka ɗauka tuntuni shi kuwa yana motsa baki, ya kan zo da waƙar cikin waya, an turo ta daga hannu zuwa hannu har ta sha matsa ta dusashe, ya ce a sa. In ta fito a dusashe sai harara. Ai abin da aka zuba a tukunya shi a ke kwashewa.

Akwai kuma inda zancen ya wuce na mutunci ya kai ga rai. Kayan nan da wutar lantarki su ke aiki, mai ƙarfin bolt 230 irin ta gidajenmu, sau da yawa kuma daga janareta a filin da aka yayyafa wa ruwa don ƙura, ko cikin damina. In ba a haɗa wayar nan da ke janye wuta zuwa ƙasa ba, ko wata waya ta kwaile, jikin makirufo na ƙarfe na iya ɗaukar wuta. A shekarar 1972, a garin Swansea na Birtaniya, wani makaɗin jita mai suna Leslie Harvey ya taɓa makirufo irin wannan a gaban 'yan kallo, nan take ya faɗi, rai ya yi halinsa, yana da shekara 27. Mutumin da ke tsaye tsakanin mawaƙi da irin wannan ajali shi ne wanda a ke gaggauta wa, a ke ce wa "jona kawai, mutane na jira." In ya tsaya duba waya a ce nawa gare shi. Ni ban taɓa ganin mai hankalin da ke zagin direba a tsakiyar gada ba, amma ga shi kullum muna ganin mawaƙi na zagin wanda ke riƙe da wutar da ke kusa da leɓensa.

Mu zo ga kuɗi, gama a nan ne gizo ke saƙar. Mai sauti shi ne na farkon zuwa, shi ne na ƙarshen tashi. A kan ba shi ɗan kafin alƙalami, a ce ciko sai an tashi. In an tashi, uban biki ya ce ai mawaƙi aka ba kuɗin duka, mawaƙi ya ce a ga manajansa, manaja ya kashe waya. Alhali a daren nan an yi wa mawaƙi liƙi har an tara a buhu, ko da ya ke dokar Babban Bankin Nijeriya ta 2007 ta hana watsa naira a wurin biki, ba a kuwa daina ba. Ko sisi daga ciki ba ya zuwa hannun wanda ya kai muryar ga kunnen masu liƙin. A tuna kuma da halin da sana'ar ta shiga. Ran 29 ga Mayu 2023 aka ba da sanarwar janye tallafin man fetur, lita da ba ta kai naira 200 ba ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 ta wuce dubu a wurare da yawa. Dala da gwamnati ke canzarwa wajen naira 460 a farkon 2023 ta wuce 1,500 a 2024. Lasifika da inji da makirufo duk daga waje a ke shigo da su, da dala a ke sayo su kafin su iso Kasuwar Alaba a Legas, balle su hau mota zuwa Arewa. Sa'a ukun da mawaƙi ya yi yana jan aji, janareta na shan mai, wa zai biya?

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne wannan hali ba gadonmu ba ne. Kafin zuwan lasifika, makaɗan Hausa suna da nasu mai kai murya nesa, shi ne sanƙira, wanda ke ɗaga murya yana fayyace abin da a ke faɗi, yana shelar kyautar da aka yi, don na bayan taro su ji. Ba a ɗauke shi bare ba. Ɗan ƙungiya ne, in an samu riga ko doki ko kuɗi yana da rabonsa, kamar yadda makaɗa da 'yan amshi ke da nasu. Alhaji Musa Ɗanƙwairo, wanda ya rasu a 1991, da Alhaji Mamman Shata, wanda ya rasu a 1999, da jama'a su ke tafe, sun kuwa san waƙa ba ta tashi in masu kotso ko masu kalangu sun ɓata rai. Ɗanmaraya Jos, wanda ya rasu a 2015, shi kaɗai ya ke waƙa da kuntiginsa, amma duk da haka ya dubi karen mota, wanda kowa ke rainawa a tasha, ya yi masa waƙa sukutum. Mawaƙan yau fa, nasu karen motar da ke ɗauke musu kaya ko sunansa ba su tambaya. Kuma da me mu ke jin muryar waɗancan magabata yau? Da aikin waɗansu masu sauti ne a gidajen rediyo, irin na Kaduna da aka buɗe a 1962, waɗanda su ka san inda za su kafa makirufo don kada kalangu ya danne murya. Mawaƙan sun tafi, muryarsu na nan, masu dakonta kuwa ba wanda ya riƙe sunansu.

Na san abin da za a ce mini. Za a ce ai masu sautin ma akwai baragurbi, kuma gaskiya ne. Na sha ganin wanda ya sayi lasifika jiya ya zama injiniya yau, bai san inda a ke rage kaifi ba balle inda a ke rage gurnani, wayoyinsa duk ɗauri da leda, ya bar akwati ya tafi layin abinci waƙa na tsaka. Na ga mai kawo kayan jabu ya karɓi kuɗin na gaske. Za a kuma ce mawaƙi shi ne fuskarsa ke gaban jama'a, in sauti ya lalace shi a ke yi wa ihu, shi a ke ɗauka a waya a watsa, dole ransa ya ɓaci. Wannan ma na yarda. Amma wanne daga cikin waɗannan zagi ke gyarawa? In mai sauti bai iya ba, a wurin gwaji a ke gane haka, tun da sauran rana, a nemi wani ko a gyara abin da zai gyaru, wanda ya ƙi zuwa gwaji kuwa ya sarayar da bakin ƙorafi. In kuma matsala ta taso wasa na tsaka, akwai ishara da hannu wadda masu sana'a su ka sani, a nuna makirufo a nuna sama ko ƙasa, ba wanda zai lura. Tozarta mutum da makirufon da shi ya kunna maka, a gaban mata da yara, ba neman gyara ba ne, neman wanda za a jingina wa kunya ne. Na lura kuma ba a yin haka a manyan wasanni inda kamfani ya kawo kaya da takardar sharaɗi da lauya a bayansa. Can mawaƙin nan mai zafin kai lumui ya ke zama, ya zo kan lokaci, ya ce "yallaɓai" ga mai akwati. Ashe ya san daidai, yana zaɓen inda zai yi ta ne, inda ƙasa ta fi taushi.

Su ma masu sauti ina da magana da su. Haƙurin da ku ke yi ya wuce na kirki ya zama na cutar kai. Teloli suna da ƙungiya, direbobi suna da ita, masu gyaran waya ma haka. Me zai hana na ko wane gari ku haɗa kai ku tsai da sharaɗi a rubuce, ko da rabin takarda ne: a biya kuɗi duka kafin a ta da inji, a faɗi lokacin gwaji da lokacin tashi, duk sa'ar da ta ƙaru da kuɗin manta, abin da mawaƙi ko yaransa su ka fasa su biya, kuma ba mai taɓa akwati sai mai shi? Mawaƙin da ya ci mutuncin ɗayanku a sanar da saura. Ran da ya nemi mai sauti a gari ya rasa, zai gane ko muryarsa kaɗai na iya cika zaure. Iyayen biki kuma, ku da ke fitar da kuɗi, ku riƙa ba mai sauti nasa a hannunsa, kada ku bi da shi ta hannun kowa, ku kuma tuna da shi in ana rabon abinci, gama sau da yawa shi kaɗai ne ke kwana da yunwa a gidan da aka yanka sa.

A daren da na ba ka labari, wajen ƙarfe goma sha ɗaya ɗaya daga cikin lasifikun ta yi shiru, bayan wani ɗan rakiya ya murɗa maɓalli har ƙarshe. Da aka watse na tarar da yaron shi kaɗai da ƙanensa suna naɗe waya a hannu da hasken tocilan, an riga an kashe janareta don man ya ƙare. Na tambaye shi ko an biya shi ciko, ya ce, "A'a, Baba, sun ce sai gobe." Na ce to lasifikar fa? Ya ce kayan ba nasa ba ne, na maigidansa ne, kuma al'adar gidan ita ce abin da ya lalace a hannun yaro a cikin ladansa a ke cirewa. Ya ƙirga da yatsu, ya ce zai yi biki huɗu ko biyar kafin ya gama biya.